Kwalkwalin Auta

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na tashi da ɗan sauƙi. Tarin ya lafa. Ƙafar hagu tana nan da kumburinta, takalmi ya ƙi shiga, na haƙura da silifas. Na sha magani, fari biyu, ja ɗaya.

Auta ta yi waya jiya da la'asar. Na rubuta a nan don in tabbatar wa kaina ba mafarki na yi ba. Wata goma sha ɗaya rabona da muryarta. Yayanta Injiniya ne ke kai gaisuwa ya dawo da gaisuwa, kamar jakada tsakanin ƙasashe biyu.

Ba ta ja gaisuwar ba. Ta ce, "Baba, aiki ne da ni, kuma ban san mai iya shi ba sai kai."

Fim take shiryawa na yara, labarin wani baƙo da ya faɗo daga taurari. Tana son kwalkwali mai rufe kai duka, mai ƙyalli irin na bambar tsofaffin motoci, yadda duk yaron da ya matso zai ga fuskarsa a jiki. Ta je wurin masu yin kurom na gaskiya, sun ce a ƙarfe kaɗai yake kamawa, abin da suka nema kuma ya fi ƙarfin fim ɗin. Ko da an samu, ƙarfe zai karya wuyan ɗan wasan.

Na ce, "Yaushe ake so?"

"Ran ashirin da biyar za mu ɗauki fitowarsa."

"Za a yi. Ke za ki zo ki karɓa?"

Ta ce, "Zan gani, Baba."

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin kayan wasa na gidan talabijin. Na yi takobin katako, na yi kambin kwali, na yi bindigar roba da ta sa aka tsare motarmu rabin yini a kan hanya. Amma ban taɓa mai da tarkace madubi ba. Wannan ban gaya mata ba.

Talata, 5 ga wata, bayan azahar

Na samo tsohuwar hular kwano wurin bakaniken bakin titi, ta tsage ta baya. Na yanka robar wanke-wanke na yi haɓa, murfin kwalba biyu suka zama kunnuwa. Kwali, gam, da foti irin na masu gyaran jikin mota. Na share teburin baranda, na ture kwalaben magani gefe guda.

Daga bakin titi zuwa gida sau uku na tsaya ina hutawa. Da can sau ɗaya ne.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Asibiti. Injiniya ya kai ni.

Likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya daɗe yana kallo, ya fi kallonsa a kan kallona. Abin da ya faɗa ya faɗa. Yana son in kwanta ran Litinin mai zuwa.

Na ce ina da aiki.

Ya ce, "Baba, wane aiki kuma a shekarunka?"

Na ce fenti. Ya ajiye biro, ya dubi Injiniya, ya ce ko warin fenti na ji daga gidan maƙwabta in canza hanya. Muka yi ta ja kamar masu cinikin akuya. Daga ƙarshe ya rubuta ran ashirin da takwas ga wata, ya ce kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

A mota na ce wa Injiniya kada ya gaya wa ƙanwarsa.

Ya taka birki a inda ba a tsayawa. Ya ce, "Baba. Kuma?"

Na ce tana tsakiyar aiki, idan ta gama ta ji daga bakina. Har muka iso gida bai kunna rediyo ba, shi da ba ya tuƙi sai da labarai.

Jumma'a, 8 ga wata, da hantsi

Sanfefa. Mai kaushi, sannan mai laushi, sannan da ruwa.

Lahadi, 10 ga wata, bayan la'asar

Na ɗaure hanci da tsohon ɗankwalinta, na marigayiya matata nake nufi, na fesa fentin azurfa na gwangwani. A jikin gwangwanin murfin yana ƙyalli kamar madubi. A jikin kwalkwalin kuwa ya fito kamar tukunyar da aka wanke da toka. Fari ne, ba laifi, amma ba ya nuna komai.

Na gwada takardar azurfa ta kicin a gefe ɗaya. Ta yi ƙyalli, ta kuma yi tamoji fiye da fuskata. Na ɓare.

Na yi tari har na zauna a ƙasa. Babu wanda ya ji. Gidan nan ya yi mini yawa, ɗaki uku da mutum ɗaya.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na tuna da maigidanmu na farko a ɗakin kayan wasa, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai faɗa, yana kiranmu 'yan ɓata kaya. Shi ya koya mini cewa mai neman hasken ƙarfe da baƙi yake farawa. A shafa baƙin fenti mai sheƙi, a goge ya yi sumul kamar ruwan rijiya, sannan a zo da abin da zai hau kai. Idan ƙasan yana da ƙurji ko ɗaya, saman zai tona shi.

Mu a lokacin da garin fensir muke yi. Na kankare fensir goma sha biyu a kan sanfefa, na tara garin a murfin kwalba, na murza da auduga a kan baƙin. Ya yi kyau, ya yi kama da ƙarfe ƙwarai, amma ƙarfen bakin bindiga. Duhu ne. Yaro ya ga wannan ya matso? Gudu zai yi.

Na kasa cin abincin rana. Na sha shayi.

Laraba, 13 ga wata, da safe

Jiki ya ƙi. Ban fita baranda ba. Waya ba ta yi ƙara ba.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Uwar Biyu ta shigo, maƙwabciyata mai shagon gyaran gashi da farce, wadda bangonmu ɗaya. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

"Baba, kai ne ka kore mini kwastomomi? Wari har cikin shago! Wata ta ce ko gas ne ke yoyo, ta fita da rabin kitso."

Na ba ta haƙuri. Ta ga kwalkwalin a kan tebur ta riƙe baki.

"Innalillahi. Baba, acaɓa za ka fara?"

Na ce na baƙon taurari ne. Na yi mata bayani tana dariya, tana nuna abin da yatsa, a nan idona ya sauka a kan farcenta. Na ga ƙofar gidana a jikin farcen, ƙarama, da hasken waje a cikinta.

Na ce, "'Yar nan, miƙo hannunki."

"Kai, Baba! Da aurena fa. Ka makara."

"Ba ke nake so ba, farcen nake so. Da me kika yi wannan?"

Ta je ta dawo da wani ɗan kwano bai kai murfin shayi ba. Hoda ce a ciki, laushinta ya wuce na kwalli. Ta ce baƙi suke fara shafawa a farcen, idan ya kusa bushewa sai su murza hodar da ɗan soso. Na ce baƙi? Ta ce baƙi mana, kowa ya sani. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Abin da maigidanmu ya riƙe kamar asiri shekara arba'in, ga shi 'yan mata na yi suna taunar cingam.

Ta tsaya tana kallona har tarin ya wuce. Dariyar ta bar fuskarta.

"Baba, yaranka sun san haka kake?"

Na ce sun sani. Rabi gaskiya ne.

Ta bar mini kwano biyu. Na ce nawa, ta ce idan fim ya fito a rubuta sunan shagonta.

Jumma'a, 15 ga wata, bayan azahar

Gwaji a bayan cokulan roba shida. Ina rubutawa don kada in manta.

Na farko, na murza fentin yana ɗanye: ya caɓe. Na biyu haka. Na shida, na bari ya bushe ƙarau: hodar ta zame ba ta kama ba. Na huɗu shi ne. Lokacin da za ka taɓa gefe da bayan yatsa ka ji yana ɗan riƙe ka, amma bai bar maka baƙi ba. A barandata, da zafin yau, minti arba'in ne da ɗan ɗoriya.

Na murza a hankali, sai baƙin ya buɗe. Na ga silin, na ga igiyar shanya, na ga wani tsoho da ɗankwali a hanci.

Na ɗauki cokalin don in duba da kyau, babban yatsana ya hau kai. Shi ke nan, tambarin yatsa ya zauna, gogewa kuma ƙara dusashe shi take yi. Abin ba ya son hannu.

Na so in kira wani in nuna masa. Na ɗauki waya na ajiye.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kankare azurfar da garin fensir duka, na koma farko. Na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura, na fesa baƙi, na kifa babban kwali a kai. Da na ɗaga, ƙuda ya riga ni. Ya mutu a tsakiyar goshi da ƙafafunsa shida a cikin fenti.

Sanfefa kuma.

Injiniya ya yi waya. Na ce ina kwance ina hutawa. Ya ce muryata ba ta yi kama da ta mai hutawa ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ya yi.

Na sa safar hannu, na fara daga tsakar kai na gangaro. Awa ɗaya ina murzawa, ban yi tari ko sau ɗaya ba, kamar ƙirjin ma ya tsaya kallo. Da na gama na ja kujera baya. Gidan duka yana cikinsa: ƙofa, taga, bishiyar maƙwabta, har tsuntsun da ya gifta. Ba wanda zai ce hular bakanike ce da robar wanke-wanke.

Na matsa kusa. Hanci ya yi girma, kunnuwa sun gudu baya. Na rame. Madubin banɗaki bai taɓa gaya mini haka ba, ko kuwa ni ne ba na tsayawa.

Na aika wa Auta saƙo: an gama. Ta amsa: madalla.

Talata, 19 ga wata, bayan la'asar

Mota ta tsaya a ƙofa. Na sa hula, na gyara wuyan riga, na fito.

Direban su Auta ne, wani mai furfura a gemu, mai ladabi. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, Darakta ce ta aiko ni in karɓi saƙo."

Darakta. Yarinyar da na koya wa riƙe almakashi.

Na leƙa bayan motar duk da na ga ba kowa. Na ce masa bai bushe ba.

"Ta ce kun ce an gama."

"An gama, amma bai bushe ba. Kuma ba abin da ake jefawa a bayan mota ba ne. Akwai bayanin da sai ita zan yi wa."

Ya sosa ƙeya. "Baba, ni dai za ta ce ban iya aike ba."

"Ka ce tsohon ne ya hana. Ta san halina."

Ya tafi. Ƙarya na yi, ya bushe tun jiya. Malaminmu na aji huɗu yakan ce mu rubuta laifinmu da hannunmu kafin ya yi bulala. To, na rubuta.

Laraba, 20 ga wata, da hantsi

Na kwana da tunanin hannunta. Auta ba ta iya ganin abu ba ta taɓa ba. Tana ƙarama idan na kai ta wurin aiki, sai na riƙe hannayenta biyu muke wuce teburin fenti. Idan ta zo, kafin in ce kada ki taɓa, ta riga ta ɗauka. Ba na son kalmar farko da za ta ji daga bakina bayan wata goma sha ɗaya ta zama tsawa.

Akwai sauran banish a kabad, man nan marar launi da ake shafawa a kan fenti. Duk abin da na yi a rayuwata da shi nake rufewa, takobi, kambi, kujerar sarki. Aiki bai ƙare ba sai an rufe shi, haka aka koya mana. Zan yi masa shafa ɗaya marar kauri, yadda za ta riƙe shi yadda take so.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ya mutu.

Ina kallo hasken ya tafi, kamar an hura numfashi a gilashi, sai dai wannan bai washe ba. Toka-toka. Tukunya.

Ga cokula shida a gabana. Ban gwada a ko ɗaya ba.

Alhamis, 21 ga wata, bayan azahar

Ban taɓa komai ba yau. Ƙafar dama ita ma ta fara.

Ina zaune ina kallon abin. Ba wanda ya ɓata shi sai ni, kuma da niyyar gyara na ɓata. Na saba.

Maganar da na yi mata a barandar asibiti, gaban yayanta da mijinta da 'yan'uwan uwarta, ba zan rubuta ta ba. Ta iso da jakar aiki a kafaɗa, an riga an rufe fuskar uwarta. Da awa biyu kacal ta makara. Na buɗe baki na faɗi abin da na faɗa a kan aikin nata da abin da ya fi mata uwa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dube ni kawai.

Abin da ba ta sani ba, kwana uku kafin nan Injiniya ya ɗauko waya zai kira ta, wani ya riƙe hannunsa. Wani ya ce a bar ta ta gama, jikin da sauƙi, kada a tayar mata da hankali a banza. Injiniya bai taɓa tona wannan ba. Ya bar wa mai shi ya faɗa da bakinsa.

Ba maganar waya ba ce. Sai tana zaune a kujerar nan, ina ganin idonta.

Saura kwana huɗu su ɗauka. Saura bakwai in kwanta asibiti.

Jumma'a, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Injiniya ya zo ba sanarwa, ya same ni a durƙushe da sanfefa da gwangwanin baƙi a gefe. Ya ɗauke gwangwanin ya ɓoye a bayansa kamar wanda ya kama yaro da ashana.

"Baba, so kake ka kashe kanka a kan hular roba?"

"Ba ni kayana."

"Wallahi yanzu zan kira ta in gaya mata komai."

"Ka kira, ka ga idan na sake shiga motarka."

Muka tsaya muna kallon juna, ni ina haki, shi yana huci. Mutum mai 'ya'ya huɗu da furfura a gefen kai. Can ya cire agogo, ya naɗe hannun riga.

"Koma ɗaki ka rufe taga. Faɗa mini yadda ake yi."

Ta gilashin taga na riƙa ba shi umarni. Ya matsa kusa da yawa, na buga gilashi.

"Ja baya! Taki ɗaya! Ba maganin sauro kake fesawa ba!"

"Baba, gadoji nake ginawa fa."

"Shi ya sa suke tsagewa. Hannu ya riƙa tafiya, kada ka tsaya wuri ɗaya!"

Shafa ta biyu ta fito sumul, ba ɗigo. Ban gaya masa ba, kada kansa ya kumbura. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa da baƙin fenti a farar rigarsa.

Ya ce, "Sau biyu ke nan kana sa ni riƙe abin da ba nawa ba."

Ya juya ya fita.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Shafar ƙarshe na yi da kaina, Allah ya yafe mini, don lokacin murzawa ba ya jiran kowa. Hodar ta ƙare ana saura ƙeya. Na buga bango. Uwar Biyu ta zo da gudu da kumfa a hannu, ta zaci faɗuwa na yi. Da ta ji dalili ta ce, "Baba, za ka sa mini hawan jini." Ta kawo ragowar kwanon da take aiki da shi, ta ce amaryar gobe ta yi haƙuri da jan farce.

Ya yi. Bai kai na farko ba, akwai ɗan gajimare bayan kunnen hagu, amma ni kaɗai zan gani.

Ba zan rufe shi da komai ba. Haka zai tafi tsirara, duk wanda ya taɓa ya bar shaida.

Lahadi, 24 ga wata, bayan azahar

Direba ya dawo. Tun daga ƙofa yake ba da haƙuri.

"Baba, tana can wurin ɗauka tun asuba, ko zama ba ta yi. Ta ce in roƙe ku. Idan babu shi gobe, yara ashirin da aka tara sai a sallame su."

Na ce ya zauna. Na shiga ɗaki na daɗe. Abin yana kan gado a cikin kwalinsa. Muddin yana gidan nan akwai dalilin zuwa. Na san haka, ita ma ta sani.

Na kafa shi a kan gwangwanin madara don kada ya taɓa gefen kwali, na ɗaure ta ciki. Na sa musu safar hannu biyu a cikin kwalin. Na rubuta takarda da babban rubutu:

A ɗauke shi ta ciki, ba ta waje ba. Kada a taɓa da hannu. Kada a goge da ruwa ko mai. Idan ƙura ta hau, a hura. Kada kowa ya ce zai rufe shi da banish.

Na tsaya da biro a ƙasan takardar. Akwai sauran wuri. Na rubuta: Babanki.

Na ce wa Direba ya ɗora a kujerar gaba ya sa masa bel, ya bi ramuka a hankali. Ya ce, "Kamar amarya zan kai shi, Baba."

Teburin baranda ya zama fili. Na mai da kwalaben magani wurinsu.

Litinin, 25 ga wata, da yamma

Yau suke ɗauka. Na kasa karatu. Numfashi gajere.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ta kira! Ita da kanta.

"Baba, ka ga yaran nan kuwa? Wata 'yar ƙarama ta matso ta ga fuskarta, ta yi ihu ta ce ya haɗiye ta. Ba a rubuce yake ba, amma mun bar shi a fim ɗin. Mai kyamara ya rantse ƙarfe ne, sai da na ɗaga masa da yatsa biyu."

"Ta ciki kika ɗaga?"

Ta yi dariya. Dariyar uwarta ce, mai fita ta hanci. "Ta ciki, Baba. Na karanta dokokinka. Da me ka yi shi?"

"Sai kin zo."

"Gobe muna da hutun rabin yini. Zan shigo bayan azahar, in Allah ya so. Lafiyarka ƙalau dai? Na ji kana haki."

Na ce daga baranda na taso da sauri.

Na roƙi Uwar Biyu ta turo a share mini falo. Ta zo da kanta, tana shara tana mita wai gidan gwauro ya fi shagon bakanike datti.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi wanka, na yi aski. Ƙafa ta ƙi takalmi, ba komai. Na haɗa jakar asibiti na tura ƙarƙashin gado don kada ta fara ganinta kafin in yi magana. Injiniya zai zo gobe ƙarfe bakwai.

Na tsara yadda zan fara. Ba zan yi kwana-kwana ba. Zan ce, Auta, ni na hana a kira ki. Sauran ya biyo baya yadda ya ga dama.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi

Saƙo ya shigo. Ruwa ya ɓata musu ɗaukar jiya da yamma, sai sun maimaita yau. Ta ce in yi haƙuri, mako mai zuwa za ta zo ta wuni, tunda yanzu ba gaggawa.

Na rubuta amsa mai tsawo. Yatsana yana danna harafi biyu a lokaci ɗaya, na daɗe ina gyarawa. Na karanta, na ga idan ta gani za ta bar mutum talatin a tsaye ta taho. Na goge.

Na aika: Ba komai. Allah ya taimaka.

Laraba, gab da magariba

Na bar ƙofa a buɗe duk da haka. Mota uku sun rage gudu a layin, duka saboda ramin bakin kwalbati ne. Uwar Biyu ta rufe shago, ta leƙo ta ce, "Baba, baƙuwar fa?" Na ce tana hanya.

Sauro ya fara shigowa. Zan tashi in rufe.

Auta ba ta zo ba.